Rumbunan Masada da na Babana

Babana bai taɓa kiran sunana ba, domin ni ne ɗansa na fari. "Kai" yake ce mini, in kuma ransa ya ɓaci ya ce "kai wanga". Shekarar da na kawo shi Faransa don a cire masa yanar ido, "kai wanga" na fi sha, tun daga filin jirgin Paris har Lyon. Na san dalili. Tsohon ya gane cewa ba don ido kaɗai na kawo shi ba.

Garinmu a kan dutse yake, a ƙasar Adar. Kakanni ne suka hau can zamanin da ake kai hari, suka zauna. Da aka shimfiɗa kwalta a ƙasa aka kafa famfo a bakinta, mutane suka riƙa sauka gida-gida, har ya zama babu kowa a saman sai Baba da Inna, mahaifiyata. Ruwa kuwa a gindin dutsen yake. Inna ce ke sauka da jaki kullum ta ɗebo, ga gwiwoyinta sun kumbura, ga hanyar duk tsakuwa mai sulɓi. Baba kansa ya taɓa faɗuwa a kan hanyar da ganinsa ya ragu, ya yi jinyar kafaɗa har damina ta wuce. Na gina musu gida a sabon gari, da famfo a tsakar gida. Awakin ƙanen Baba ne ke kwana a ciki. Tsorona ɗaya ne, kuma da shi nake tashi kowace safiya: wata rana a kira ni a ce ɗayansu ya gangaro daga dutsen nan.

Na yi lallashi, na yi fushi, na tura malamai, na tura abokan wasansa. Amsarsa ba ta canzawa, wai shi nan aka binne cibiyarsa. Shi ya sa na ƙudura cewa kafin ya koma gida sai na karɓi alkawari daga bakinsa, ko da tsiya ko da arziki.

Aikin ido ya yi kyau, an yi ɗaya sannan aka yi ɗayan. Ranar da aka cire masa auduga, abin da ya fara gani ni ne, abin da ya fara faɗa kuma shi ne ashe na yi furfura. A unguwar Minguettes muke zaune ni da iyalina, can sama a ɗaya daga dogayen benayen nan. Ya je bakin taga ya daɗe yana kallon motoci, sannan ya juyo ya ce mai cewa a sauko daga dutse, ga shi ya fi kowa hawa sama. Na ce ai nan ruwa da kansa yake hawowa, ba matata ke ɗauko shi ba. Maganar ta yi masa zafi, na gani a fuskarsa, ni ma ban ji daɗin yadda ta fito ba.

A makon ne tsohon malamina ya gayyace mu cin abincin rana. Shi ya koyar da ni ilimin ruwa a jami'a, shi ya kama hannuna har na samu aikin bincike, yanzu ya yi ritaya yana zaune shi kaɗai a Bron, gefen garin Lyon, tun rasuwar matarsa. Bayahude ne, haifaffen Tunis, kuma har yau Larabcin ƙuruciyarsa na bakinsa. Na san yana da tsoffin hotunan Masada, wani dutse a hamadar da ke gefen Mataccen Teku, inda wasu Yahudawa suka ƙi saukowa zamanin Rumawa har suka ƙare gaba ɗaya. A aji yakan nuna mana su saboda dabarar tara ruwa da ke wurin. Nan wata dabara ta zo mini, har na ji ina yaba wa kaina. Ai in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Na roƙi malam ya nuna wa Baba hotunan, ban gaya masa dalili ba.

A cikin tram, ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, Baba ya tambaye ni abin da za a ba mu mu ci. Na ce kifi, kuma mutanen ba sa cin alade, ba sa cin mushe. Bai taɓa ganin Bayahude ido da ido ba. Bani Isra'ila a karatu ya san su, sai kuma abin da rediyo ke faɗa, wanda ba mai daɗi ba ne. Da malam ya buɗe ƙofa ya yi masa sallama da Larabci, Baba ya ɗan ja da baya, sannan ya riƙe hannunsa ya shiga jero gaisuwa irin tamu, gajiya, gida, iyali, sanyi, har da dabbobi. Ni ina fassarawa, malam yana amsawa da alhamdu lillahi, kamar dama can ya saba. Muka ci kuskus da kifi. Baba ya ci da kyau, abin da bai yi ba tun zuwansa.

Bayan la'asar malam ya ja labule ya kunna tsohuwar na'urarsa mai haska hoto a bango. Na ga hotunan nan sau da yawa ina ɗalibi, ina kallo ina rubuta ma'aunai don jarrabawa. Ban taɓa ganinsu kusa da mutumin da ya yi shekaru yana kallon duniya ta cikin hazo ba.

Hoton farko dutsen ne gaba ɗayansa. Ja ne, samansa a shafe kamar faifai, ya tashi shi kaɗai a tsakiyar ƙasar da babu ko ciyawa, bayansa kuma ga wani ruwa shuɗi wanda malam ya ce gishirinsa ya hana kifi rayuwa. Baba ya gyara zama. Ya tambaya ko mutane ne suka sare gefen haka, aka ce masa haka Allah Ya yi shi. Ya yi tasbihi a hankali. Malam ya ce wani sarki ne ya fara gina wurin, shekara dubu biyu da suka wuce, don ya sami maɓoya in mulki ya juya masa baya. Ya nuna fadar da aka rataya a goshin dutsen hawa uku, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, da ɗakin wanka mai ruwan zafi, da bangaye masu fenti da har yanzu launinsu bai gama gogewa ba. Baba bai damu da fadar ba. Abin da ya tambaya shi ne inda suke samun ruwa.

Nan malam ya ji an taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi. Ya sa hoton wani rami da aka sassaƙa a cikin dutsen, an shafe shi da farar ƙasa, da matakala tana gangarawa ciki, ga wani mutum tsaye a ƙasan bai fi tsawon yatsa ba. Ya ce irinsa suna da yawa. A ƙasar nan sama kan yi shekara ba ta zubar da abin kirki ba, amma ranar da ta zubar can kan tuddai, koramu na taho da ƙarfi na ɗan lokaci su wuce. Mutanen suka tare koramun, suka yanka magudanai a jikin dutse, suka karkato da ruwan cikin ramukan nan, ruwan yini ɗaya ya ishe su shekaru. Ina fassarawa sai na ji kamar yau na fara jin abin, ni da na ci jarrabawa a kan wannan magana. Mu ma haka koramunmu na Adar suke yi, su zo da hauka su tafi da gonaki, mu tsaya muna kallo. Baba ya tashi ya je jikin bangon har inuwarsa ta rufe rabin hoton, ya bi magudanar da yatsa.

"Babu inji?" ya tambaya.

Malam ya ce babu, guduma ce da kurfi da hannu. Baba ya ce to daga ramukan gefen dutse zuwa sama fa, wa ke kai ruwan? Malam ya ce jakuna da bayi. Baba ya koma ya zauna, bai dube ni ba.

Sai aka zo kan yaƙin. Malam ya ce bayan sarkin ya daɗe da mutuwa, Yahudawa suka yi wa Rumawa tawaye, Rumawa suka rushe babban ɗakin ibadarsu na Ƙudus. Waɗanda suka rage suka hau dutsen nan da matansu da 'ya'yansu, kusan mutum dubu. Rundunar Rum ta zo ta kewaye dutsen da ganuwa, ta kafa sansanoni. Ya nuna hoton da aka ɗauka daga sama, ga sansanonin nan murabba'i-murabba'i a kan ƙasa, sai ka ce jiya aka tashi daga cikinsu, domin babu ruwan saman da zai share su. Da suka ga babu hanyar hawa, sai suka yi tasu. Suka riƙa zuba ƙasa da duwatsu da itace a gefen yamma har tudu ya tashi ya kai su bakin ganuwar sama. Tudun yana nan har gobe. Baba mutum ne da ya yi rayuwarsa yana jera duwatsu a gona don tare ruwa, ya san nauyin kwando ɗaya a ka. Ya daɗe yana kallon tudun nan yana girgiza kai, ya ce mutum abin tsoro ne, na saman da na ƙasan duka.

Ƙarshen labarin ne nake jira, kuma na yi niyyar ƙara masa gishiri. Amma da malam ya fara, muryarsa ta yi ƙasa, na kasa ƙara komai. Ya ce da na saman suka tabbata gobe za a shigo, suka zaɓi mutuwa a kan bauta. Suka yi ƙuri'a, suka kashe iyalansu, suka kashe juna. Da Rumawa suka shigo da safe ba su tarar da mai yaƙi ba, sai shiru da hayaƙi. Mata biyu da yara biyar ne kaɗai suka ɓuya a magudanar ruwa, daga bakinsu aka ji abin da ya faru. Malam mutum ne mai gaskiya, ya ƙara da cewa marubuci ɗaya ne ya rubuta labarin, shi ma ba ya wurin, kuma masana na gardama a kan wasu sassansa har yau.

Baba ya yi salati. Ya ce rai ba nasu ba ne, balle na yara, wannan bai yi ba, Allah dai Ya san abin da suka gani. Malam ya ce malaman addininsu ma da yawa haka suke cewa. Sannan, kamar abin da ya tuno a makare, ya sa hoton wasu dogayen ɗakuna a jere, marasa rufi, ya ce nan ne ma'ajiyar abinci. A cewar marubucin, sun cinna wa komai wuta amma suka bar abincin, hatsi da dabino da mai, don in abokan gaba sun shigo su gani da idonsu cewa ba yunwa ce ta ci su ba.

Na fassara wannan a gurguje, don a ganina ba shi ne kan magana ba. Baba ya kama hannuna.

"Mi yac ce? Sake hwaɗi."

Na sake faɗa. Ya sa na tambayi malam ko a rufe suka bar rumbunan ko a buɗe. Malam ya ce bai sani ba, abin da aka rubuta kawai shi ne an bar su don a gani. Baba ya ce a bar masa hoton nan tukuna. Muka zauna mu uku muna kallon ɗakunan da babu komai cikinsu sai rana, na'urar tana ƙugi, har lokacin salla ya matso.

A hanyar komawa na kasa haƙuri. Na ce to Baba, ka dai ga ƙarshen masu ƙin saukowa. Ya ce, "Kai wanga, ka cika surutu." Kwanakin da suka biyo baya, Masada ce hirarsa da matata, da maƙwabcinmu ɗan Maraɗi, da duk wanda ya zo duba shi. Yana ba da labarin da alfahari kamar danginsa ne suka yi ginin. Na ce shi ke nan, garin neman gira na rasa ido, na kawo mai taurin kai na nuna masa iyayen gidansa. Na yi baƙin ciki ƙwarai, har na daina tayar da maganar.

A jirgin ƙasa ne, muna komawa Paris inda zai hau jirgin gida, ya yi magana. Muna wuce gonaki kore shar, yana kallonsu da sabbin idanunsa, sai ya fara ba tare da ya juyo ba. Ya ce yana yaro aka yi wata yunwa. Mahaifinsa, kakana, shi ne mutum na farko da ya gudu daga kan dutsen, ya kwashe iyali a ɓoye suka yi kudu. Kafin ya tafi ya liƙe bakin rumbunsa da laka, yadda maigida ke liƙe rumbun tsimi, wanda ba a taɓawa sai ranar wuya, don mutane su ɗauka tafiya ce kawai ya yi, hatsinsa na nan. Damina ta zo, rumbun ya rushe. Babu komai a ciki sai ƙaiƙayi. Da suka dawo bayan shekaru, an riga an sa abin a waƙar daka. Baba ya ce shi da kunnensa ya ji mata na rera ta, mahaifinsa na wucewa da kai a sunkuye, kuma haka ya riƙa tafiya har ya mutu.

Ban taɓa jin wannan ba, ni da furfurata. Na san dai rumbunanmu ba su taɓa zama wayam ba, ko a shekarun fari, na kuma san yadda yake hana kansa don su cika. Ina ɗauka rowa ce irin ta tsofaffi.

"In na sauka gidan da kag gina," ya ce, "cewa za a yi ɗan wane ne, yunwa ta koro shi kamar ubanai, ɗanai na Turai ka ciyar da shi."

Na ce Baba, waɗanda suka san waƙar nan ai duk sun mutu. Ya ce shi bai mutu ba. Tausayinsa ya kama ni, da kunyar duk faɗan da na yi masa a kan abin da ban sani ba, na juya ina kallon taga ni ma.

A Paris muka sauka wurin ƙanwata, kusa da unguwar Château Rouge. Washegari muka fita sayen tsaraba, muka shiga shagon wani Alhaji ɗan Damagaram mai sayar da atamfa. Ana cikin auna wa Inna yadi, Baba ya ce in kira masa ƙanensa a waya. Na ce ya bari mu koma gida mana, ya ce yanzu. Ya karɓi wayar, ya gajarta gaisuwa, abin da ban taɓa jin ya yi ba, ya ɗaga murya yadda duk wanda ke shagon ya ji. Ya ce in an gama girbi a sanar a masallacin Juma'a da kasuwa cewa yana gayyatar kowa kan dutse. Zai cire murfin rumbunansa duka, na bana da na tsimi, a bar su a buɗe daga wannan kasuwa zuwa waccan, duk mai so ya hau tsani ya leƙa. Bayan nan a raba, a fara da gwauraye da marayu, a bar masa na iri da na ci. Sannan a kori awaki daga gidan ƙasa a share.

Alhaji mai shago ya tsaya da almakashi a hannu yana kallonmu. Ni kuwa na zauna a kan ɗaurin atamfa. Da Baba ya miƙo mini wayar ya ce mutanen Masada sun yi abu biyu, shi ya ɗauki ɗaya, ya bar musu ɗayan. Ya ce in gaya wa malamina ya gode.

Ban samu zuwa ba, aiki ya riƙe ni, a waya aka turo mini hotuna. Mutane sun hau dutsen da suka shekara da shekaru ba su taka ba. Na ga tsofaffi a kan tsani suna leƙa rumbu suna riƙe baki, na ga damman gero na shekarun baya da suka yi duhu don daɗewa, ana miƙo su hannu da hannu. Ƙanen Baba ya ce ranar kasuwa suka sauko, da rana tsaka, Baba a gaba da sandarsa ya ƙi hawa jaki, ya bi ta tsakiyar kasuwar yana gaisawa da kowa ɗaya bayan ɗaya, har Inna ta gaji da tsayuwa ta wuce gida ta bar shi.

Da na kira Inna na tambaye ta gwiwa, ta ce da sauƙi. Na tambaye ta ko ta san zancen rumbun kakana. Ta yi dariya ta ce tun kafin a kawo ta gidan ta san waƙar, kowa ya sani, mu ɗiyansa ne kawai aka ɓoye wa. Na ce to duk shekarun nan tana hawa da sauka da ruwa, me ya hana ta yi masa magana? Ta ce abin da mutum ya gani a fuskar ubansa, ba matarsa ce za ta goge masa ba. Daga nan ta ce Baba ya ba ta labarin dutsen Yahudawa ya fi a ƙirga, amma akwai abin da ta tambaye shi bai sani ba.

"Matan nan biyu da sunka ɓoye da yara cikin hanyar ruwa," ta ce, "da sunka hito, mi anka yi da su?"

Na ce zan tambaya. Na je Bron takanas na sami malam. Ya cire tabarau ya daɗe yana tunani, ya ɗauko littafi ya duba, ya mayar. Ya ce ba a rubuta ba.